Shekara biyu ina ɓoye wa Inna cewa an sallame ni daga aiki

Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 33, ni ɗan wani gari ne a jihar Katsina, ina zaune a Abuja. Na yi shekara biyar ina aikin kwantiragi a wani banki, shekara biyu da suka wuce aka rage ma'aikata, abin ya rutsa da ni. Tun daga nan nake jan motar wani bawan Allah, ina ɗaukar fasinja ta manhaja, ina kai masa balas duk mako. Na saki ɗakina na Kubwa na koma Mararaba, mu uku a ɗaki ɗaya. A gida babu wanda ya sani. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, Inna da ƙannena biyar ni suke kallo. Da abin ya faru na ce bari in sami wani aikin tukuna sannan in faɗa, har yau shiru. A garinmu Manaja ake ce mini. Don kada a gane, ban rage abin da nake turawa ba, ragon layya da kayan Sallah da kuɗin makaranta duk ina yi, yanzu bashin manhajojin rance da na abokai ya kai naira miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu.

Akwai yarinyar da nake nema wata takwas ke nan, iyayenta sun ce in turo a sa rana bayan Babbar Sallah. Ita ma ma'aikacin banki ta san ni. In zan kira ta ta bidiyo sai in sa tsohuwar rigar aiki in nemi wuri mai kyau. In ina tuƙi kuwa takunkumi da hula nake sawa. Kwanan baya wani ɗan garinmu ya nemi mota, da na ga sunansa sai na soke. Wani abokina ya ce in daina rayuwa don mutane, in kashe waya in yi harkar gabana. Wani kuma ya ce in yi shiru har a ɗaura aure, ai rufin asiri ne. Ni dai na gaji, ba na iya barci, ni kaina na rasa wane ne ni. Inna tana da hawan jini, ina tsoron abin da labarin zai yi mata. Yaya mutum zai rayu a kan gaskiyarsa ba tare da ya rusa kowa ba?

Ɗan'uwanku daga Abuja

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba Inna lafiya, ya yaye maka wannan damuwa.

Na yarda ba mugun nufi ne ya kai ka nan ba. Ɗan fari ne kai a gidan marayu, aka ɗora maka fata tun kafin ka tsaya da ƙafarka, ranar da takardar sallama ta zo kuma ka tuna fuskar Inna, bakinka ya yi nauyi. Wannan tausayi ne haɗe da kunya, kuma mutanen kirki ne suka fi faɗawa irinsa. Lokacin da abin ya same ka ma ba mai sauƙi ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, abinci da haya suka bi ta. A irin wannan yanayi ka rasa albashi, maimakon ka zauna kana jiran tsammani ko ka riƙa bin ofisoshi kana maula, sai ka kama sitiyari. Abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarka shi ne wannan ɓangaren na halal, wanda ya cancanci ka yi alfahari da shi, shi kake rufewa da takunkumi, bashi mai ruwa kuwa, wanda shi ne abin gudu, kullum ƙaruwa yake yi.

Bari in fara da abokinka na biyu, domin maganarsa ta fi kama da gaskiya, shi ya sa ta fi haɗari. Rufin asiri abu ne mai daraja a wurinmu, addini ma ya yabe shi. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 273, Allah ya yabi wasu matalauta waɗanda wanda bai san halinsu ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kansu. To amma ka duba abin da aka yaba musu: sun kame daga roƙo, ba su ce wa kowa su masu dukiya ne ba. Mutum ya sa tsaftatacciyar riga ya fita, a tambaye shi ya gida ya ce alhamdulillahi, wannan sutura ce. Ya sa rigar aikin da aka sallame shi daga gare shi don wata ta ci gaba da zaton yana can, wannan ya fita daga sutura. Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwatanta mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim.

Ga ma'aunin da zan ba ka. Duk wanda ka tuna, ka tambayi kanka: shin wannan mutumin yana yanke wata shawara ta rayuwarsa a kan abin da na bar shi yana zato? 'Yan majalisar ƙofar gida da masu ce maka Manaja a kan hanya ba sa bin ka bashin bayani, ba sai ka tara su ka yi musu jawabi ba. Amma Inna tana tsara cefanen gida da karatun yara a kan albashin da babu shi. Yarinyar nan tana shirin barin gidan ubanta a kansa. Mahaifinta zai ba da 'yarsa a kansa. Waɗannan ukun haƙƙinsu ne su sani, kuma kowane wata da ya wuce haƙƙin ƙara nauyi yake yi.

Shi kuma na farko, mai cewa ka kashe waya, ban yarda da shi ba ko kaɗan. Yana ganin kamar ainihinka wani mutum ne daban da yake ɓoye, wanda zai fito in ka rabu da danginka. Ni kuwa da na karanta wasiƙarka na ga ainihinka a fili: kai ne wanda ya kasa barin ƙannensa su zauna a gida babu makaranta, wanda ciwon mahaifiyarsa yake hana shi barci. Wannan duk gaskiya ne, ba kwaikwayo kake yi ba. Abu ɗaya ne kawai na jabu, wato Manaja. In ka kashe waya ka jefar da na gaskiyar ne, Manaja kuma yana nan daram a zukatan mutanen garinku, sai dai ya koma Manajan da ya yi kuɗi ya manta da uwarsa. Mutum ya rayu a kan gaskiyarsa, a ganina, shi ne wanda ya tuƙa mota da rana da wanda ya kira Inna da dare su zama mutum ɗaya, mai labari ɗaya, ko da duk fasinjojinsa da danginsa za su haɗu a ɗaki guda.

Kafin ka buɗe baki da kowa, ka zauna da biro da takarda. Ka rubuta abin da motar take kawowa a mako bayan mai da balas da kason manhaja da gyara. Ka rubuta kowane bashi daban, da mai shi, da ruwan da yake hawa, da ranar biya. Da yawa daga masu irin halinka sun daina duba jimillar saboda tsoro, suna cin wannan su biya wancan. Sai ka ga lambar da idonka za ka san abin da za ka iya turawa gida ba tare da rance ba, kuma wannan lambar da ita za ka je wurin Inna. Daga yau kada ka ƙara karɓar ko sisi a manhaja, ko don me.

Inna ita ce ta farko, kuma ba ta waya ba. Ka ɗauki kwana biyu ka je gida kafin Sallah, kada ka bari sai gida ya cika da baƙi. Tsoron da kake yi wa hawan jininta yana da hujja, saboda haka ka fara bi ta kan wani babba da take jin maganarsa, kawunka ko ƙanwarta, ka faɗa masa komai, ku shiga tare. Ku zaɓi hantsi, bayan ta karya ta sha maganinta, ba da dare ba lokacin da za ta kwana da abin ita kaɗai. Ka fara da abin da zai kwantar mata da hankali: "Inna, lafiyata ƙalau, ban yi laifin komai ba, kuma ina da sana'a. Amma akwai maganar da na ɓoye miki, na zo neman gafara." Daga nan ka faɗe ta yadda take, har da bashin, kada ka rage rabi ka ce sai wani zuwan. Za ta iya yin kuka, za ta iya yin faɗa, wataƙila abin da zai fi yi mata ciwo shi ne ta tuna ragunan da ta yi ta raba namansu ga maƙwabta alhali ɗanta yana kwana su uku a ɗaki. Ka bar ta ta yi, kada ka kare kanka. Iyaye mata sukan ji a jikinsu fiye da yadda muke zato, ba mamaki ta daɗe da lura da ramarka da yadda kake gajarta waya. Kuma ka auna wannan da ɗaya hanyar: ta ji a bakin wata a gidan suna, ko wani mai rance ya turo saƙon cin mutunci a wayar ƙaninka. Wannan shi ne zai fi tayar mata da jini.

Ƙannenka manya su ma ka zaunar da su, da takardar nan a hannu. Shekara biyu suna roƙon abu a wurin yayan da suke zaton yana da shi, ba laifinsu ba ne, amma yanzu lokaci ya yi da mai bi maka zai san cewa gidan na kowa ne. Wanda ya isa koyon sana'a bayan makaranta ya fara, in akwai gona a duba yadda za a amfane ta. Batun layya kuwa, sunna ce ga mai iko, babu malamin da zai ce ka ci bashi da ruwa don ka yanka rago. Bana a haƙura, ko a sayi nama daidai ƙarfi don yara.

Yanzu ga magana mai wuya, ta yarinyar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, aure kuma shi ne ranar. Ka yi tunanin mako na farko bayan biki: wane gida za a kai ta? In ta ga ka fita da asuba ka dawo sha ɗayan dare da warin mai a jikinka, me za ka ce mata? Shawarar a yi shiru har a ɗaura tana nufin a bari sai ta shiga inda fita ke da wuya sannan a faɗa mata, wannan kuwa cuta ce ko da soyayya ce ta jawo ta. Halin aljihun mai neman aure yana cikin abin da mace take da haƙƙin sani. Muslim ya ruwaito cewa lokacin da Fatima 'yar Ƙaisu ta nemi shawarar Annabi a kan masu nemanta, ya gaya mata a fili cewa Mu'awiya talaka ne ba shi da dukiya. Bai ɗauki faɗin hakan tonon asiri ba, domin rayuwarta za ta gina a kai.

Ita za ka fara gaya wa kafin iyayenta, gaba da gaba, a wurin zance. Kada ka yi doguwar shimfiɗa, kada kuma ka jingina abin ga tsoron rasa ta kamar ita ce sanadi. Ka ce mata tun kafin ku haɗu aka sallame ka, mota kake ja, ana bin ka kaza, kuma ka bar ta cikin duhu wata takwas, laifinka ne. Ka shirya jin cewa ba tuƙin ne zai fi ƙona mata rai ba, rigar nan ce ta kiran bidiyo, domin za ta koma ta tuna kowace hira tana tambayar kanta wanne ne gaskiya a ciki. Saboda haka kada ka ce mata in don Allah take sonka za ta zauna. Wannan ɗora mata laifi ne a kan abin da kai ka yi. Ka ba ta lokaci, mako biyu ko wata, ta yi shawara ta yi istihara, ka kuma gaya mata cewa duk abin da ta zaɓa ba za ka ɓata mata suna ba.

In ta ce ta ji ta gani, sai baffanka ko wanda zai yi maka walicci ya je wurin mahaifinta da maganar, manya da manya, kafin a kai ga sa rana. Abin da nake ganin ya fi shi ne ku roƙi a ɗaga sa ranar wata shida zuwa shekara, ka rage bashin, ka kama ɗakin kanka ko da ciki ɗaya ne, a kuma yi lefe da sadaki daidai ƙarfin direba. Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arzikinsa kuma ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Akwai iyaye da yawa da za su fi natsuwa da surukin da ya zo da kansa ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba. Akwai kuma waɗanda za su ce sun fasa, ko don aikin ko don ɓoyewar, kuma suna da iko, bai kamata ka kira su makwaɗaita ba.

Ba zan yi maka alkawarin cewa gaskiya za ta zo da sauƙi nan take ba. Ka tuna Ka'abu ɗan Malik, wanda bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan hijira. Da Annabi ya dawo Madina, mutane suka yi ta zuwa suna kawo uzuri ana karɓa. Ka'abu mai iya magana ne, ya san zai iya tsara nasa ya wuce, amma ya ce ba shi da wani uzuri. Sakamakon farko da ya gani shi ne an ƙaurace masa shi da wasu mutum biyu har kwana hamsin, ko sallamarsa ba a amsawa, ƙasa ta yi masa ƙunci duk da faɗinta. Bayan nan ne aya ta 118 ta Suratut Tauba ta sauka da karɓar tubarsu, ta 119 kuma ta umarci muminai su kasance tare da masu gaskiya. Kai ma za ka iya samun kwanakinka na ƙunci: a yi maganarka a gari, wani ya kira ka Manaja da gatse, wataƙila ka rasa yarinyar. Ina gaya maka ne tun yanzu don kada ka ga haka ka ce da ka sani da ka yi shiru. Ƙuncin da ke bayan faɗin gaskiya yana da ranar ƙarewa, wanda kake ciki yanzu kuwa ruwa yake hawa kamar bashin da ya haifa.

Game da bashin, ka fara da na manhajoji tunda su ne suke ninkawa. Ka rubuta musu da kanka ka nemi a tsara maka biya kaɗan-kaɗan, ka ajiye duk saƙon da kuka yi. In wani ya fara barazanar tura sunanka ga mutanen da ke cikin wayarka, ka sani hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya, FCCPC, tun 2022 take ɗaukar mataki a kan masu irin wannan, kuma tana karɓar ƙorafi. Abokan da suka ranta maka kuwa ka same su ɗaya bayan ɗaya, ka gaya musu halin da ake ciki da ranar da za ka fara biya, ko dubu goma ce a wata. Da dama sun ba ka ne suna zaton albashi zai shigo ƙarshen wata, su ma suna cikin masu haƙƙin sani. In akwai abin da ka riƙe don Manaja kawai, babbar waya ko shaddojin zuwa gida, ka sayar ka rage nauyi. In Inna ko kawunka suka kawo shawarar a sayar da wani abu na gida a fitar da kai daga ruwan, kada girman kai ya sa ka ƙi saurara, amma kada a taɓa gadon marayu sai da yardar kowa da sanin malami.

Sai takunkumin. Ba na cewa ka yi shela, amma bayan ka gama da Inna ka cire shi, domin kullum ka ɗaura shi kana gaya wa kanka cewa abincinka abin kunya ne, zuciya kuma tana ji tana gaskatawa. In ɗan garinku ya sake neman mota ka ɗauke shi, ku gaisa, ka tambaye shi mutanen gida, ka karɓi kuɗinka cif. Yana iya kai labari, amma labarin da Inna ta riga ta sani ba shi da sauran dafi. Kuma da zarar ka daina ɓuya za ka iya cewa mutane kana neman aiki, abin da shekara biyu ka hana kanka, domin babu mai kawo wa Manaja labarin gurbi. Shekara biyar a banki ba ƙaramin sani ba ne, akwai 'yan kasuwa da kamfanoni masu neman wanda ya iya lissafi da riƙon amana. In kuma ka ga tuƙin ya karɓe ka, ka sa burin mallakar motarka ta hanyar biya sannu a hankali, ka yi shi da sunanka.

Rashin barcin nan kada ka raina shi, musamman ga mai wuni a kan titin Nyanya da rayukan mutane a bayansa. Ina sa ran zai ragu in ka sauke maganar, amma in ya wuce makonni bai sake ka ba, ko ka ji abinci ya fita ranka, ko tunanin gara mutuwa ya fara zo maka, ka je asibiti ka gaya wa likita kai tsaye, ka kuma sanar da wani na kusa da kai a ranar. Ka kira kawunka cikin makon nan ku tsayar da ranar tafiya gida. In ka dawo ka sake rubuto mini yadda kuka yi da Inna, sai mu duba maganar gidan su yarinyar tare. Allah ya sa albarka a sana'arka, ya biya maka bashi, ya zaɓa maka abin da ya fi alheri.